Sadaka Mai Gudana ga Cuta Mai Daɗewa: Nazari a Kan Taimakon Masu Fama da Cutar Parkinson

 

Muƙaddima

Mas'alar da nake nufin in shimfiɗa a gaban wannan majalisi ta haɗa ilmin ɗibbu da fiƙihun dukiya, saboda haka ina roƙon likitoci su yi mini haƙuri idan na daɗe a wurin da suka riga suka sani, malamai kuma su yi mini afuwa idan na taka gonarsu. Duk wanda ya lura da yadda muke yin alheri a tsakaninmu zai ga cewa hannunmu ya fi saurin buɗewa ga lalurar da ke aukuwa farat ɗaya, kamar gobara, ko haɗarin mota, ko kuɗin tiyata, ko likkafanin wanda ya rasu bai bar kome ba, domin irin wannan lalura tana da farko tana da ƙarshe, ana iya ƙididdige ta a masallaci bayan salla, a haɗa abin da ya sawwaƙa, a kai, a yi addu'a, kowa ya koma gida zuciyarsa a sake. Amma akwai wata irin cuta wadda ba ta kashe mai ita da gaggawa, ba ta kuma sakinsa, tana zaune tare da shi shekara goma sha biyar ko ashirin, kullum tana rage masa wani abu daga ƙarfinsa, kuma abin da nake so in tabbatar da hujja shi ne cewa kyautar da ake yi sau ɗaya, kome yawanta, ba ta dace da irin wannan cuta ba, har ma a wasu lokuta tana iya jawo illa. Na ɗauki cutar Parkinson ta zama abin nazari, da kuma tarihin ƙungiyoyin agajin da aka kafa dominta a Birtaniya da Amurka, inda aikin ya daɗe har ya nuna, kafin in juyo ga abin da ya shafe mu.

Haƙiƙanin cutar

Magabatan likitoci, irin su Jalinusu da Ibnu Sina, sun yi magana a kan karkarwa da rabe-rabenta, amma wanda ya fara tattara alamomin wannan cuta ya tsayar da ita a matsayin cuta guda mai zaman kanta shi ne wani likitan unguwa a Landan, James Parkinson, cikin wata 'yar risala da ya buga a 1817. Mutum shida kacal ya siffanta, uku daga cikinsu ma a kan titi ya gan su, kuma duk da haka siffantawar tasa ta tsaya har yau. Bayan kusan shekara sittin, shehin likitocin jijiya na Faris, Charcot, ya ƙara bayani, ya kuma raɗa wa cutar sunan wancan likita. Ranar haihuwarsa kuwa, 11 ga Afrilu, ita ce aka mayar ranar tunawa da cutar a duniya tun 1997.

Asalin illar a can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa take, a wani ɗan wuri mai duhun launi, inda wasu ƙwayoyin jijiya ke samar da sinadarin dofamin, wanda shi ne ke daidaita motsin jiki, ya sa niyyar da mutum ya ƙulla a zuciya ta isa ga hannu da ƙafa ba tare da tangarɗa ba. Waɗannan ƙwayoyi suna mutuwa sannu a hankali, kuma kafin alama ta bayyana a fili, kaso mai yawa daga cikinsu ya riga ya tafi. Jama'a sun fi sanin cutar da makyarkyata, wadda takan fara a hannu ɗaya alhali yana ajiye ba ya aiki, amma ba kowane mai cutar ke karkarwa ba, kuma abin da ya fi wahalar da masu ita shi ne nauyin motsi da sanƙarewar gaɓoɓi: tafiya ta koma jan ƙafa, rubutu ya ƙanƙance, murya ta dushe, fuska ta daskare har iyali su zaci maigida fushi yake yi da su, mutum ya zo bakin ƙofa ƙafarsa ta kafe kamar an ɗaure ta. Akwai kuma waɗanda ido ba ya gani, kamar taurin bayan gida, da gushewar jin ƙamshi, da fisge-fisge cikin barci, da baƙin ciki mai nauyi, waɗanda sau da yawa sukan riga karkarwar zuwa da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum fiye da miliyan 8.5 ke ɗauke da ita, adadin ya ninka cikin shekara 25, kuma ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum 329,000 a wannan shekara.

Tarihin maganinta gajere ne. A 1957 Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ya nuna muhimmancin dofamin ga motsi, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2000. A 1960 Hornykiewicz a birnin Biyana ya tabbatar da ƙarancinsa a ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da cutar. A 1967 kuma George Cotzias a Amurka ya nuna yadda za a ba da maganin lebodofa, wanda ƙwaƙwalwa ke juyawa ya zama dofamin, har mutumin da ya shekara a kwance ya miƙe ya yi tafiya. Daga baya aka haɗa shi da kabidofa domin rage tashin zuciya, kuma har gobe wannan haɗi shi ne ginshiƙin jinya. To, a nan ne nake so masu sauraro su riƙe abu guda, domin a kansa dukkan bahasin ya ginu: wannan magani ba ya warkarwa, aron ƙarfi kawai yake ba jiki na 'yan sa'o'i. A shekarun farko sau uku a yini yakan wadatar, amma idan cuta ta yi nisa amfanin kowace ƙwaya yakan gajarta, har a kai ga sha bayan kowace sa'a uku ko ƙasa da haka, kuma jinkirin rabin sa'a yana iya mayar da mai tafiya da ƙafarsa ya kasa juyawa a kan shimfiɗa. Mafi hatsari kuma, idan jiki ya saba da shi aka yanke shi kwatsam, mai cutar yana iya faɗawa cikin zazzaɓi mai tsanani da sanƙarewa da ruɗewa, wanda kan kai ga halaka. Saboda haka attajirin da ya sayo wa maƙwabcinsa maganin wata uku cikin Ramadan, sannan ya manta da shi bayan salla, ya yi niyyar alheri, ladan niyyarsa kuma yana wurin Allah, amma ya ɗora mutumin a kan hanyar da tsayawa a tsakiyarta ya fi rashin hawanta hatsari.

Abin da aka yi a Birtaniya

A 1969 wata mata mai suna Mali Jenkins, wadda 'yar'uwarta ta daɗe tana fama da cutar, ta nemi bayani mai sauƙi wanda iyali za su karanta su gane, ba ta samu ba, ta nemi wata ƙungiya da za ta tuntuɓa, ba ta samu ba, sai ta kafa ƙungiyar da kanta a wani ɗan ofis a Landan, wadda a 2010 aka sauya mata suna zuwa Parkinson's UK. Abin lura shi ne ƙasar tana da hukumar lafiya ta gwamnati tun 1948, wadda ke ɗaukar nauyin ganin likita da mafi yawan kuɗin magani, saboda haka ƙungiyar ba ta ga buƙatar sayen ƙwaya ba. Sai ta duba inda gwamnati ta bar giɓi, ta tarar giɓin shi ne tsakanin ganin likita da ganin likita, watau waɗannan watanni shida ko shekara da majinyaci ke zaune a gida da matarsa, magani ya fara saɓa musu, ba su san wanda za su tambaya ba.

Hikimar da ta fito da ita, wadda a ganina ta fi duk abin da ta yi daraja, ita ce ma'aikaciyar jinya ta musamman ga wannan cuta kaɗai. An naɗa ta farko a 1989 a yankin Cornwall, a kudu maso yammacin Ingila. Tsarin da aka bi daga baya shi ne ƙungiyar ta biya albashin ma'aikaciyar na tsawon shekara biyu, bisa sharaɗin cewa hukumar lafiyar yankin za ta ci gaba da biya idan wa'adin ya cika. A cikin waɗannan shekaru biyu kuwa amfaninta yakan bayyana ƙarara, domin tana daidaita lokutan magani ta waya, tana ziyartar gida, tana gano wahalar haɗiya kafin abinci ya sarƙe ya zama ciwon huhu, tana hana faɗuwar da za ta karya ƙugu, duk wannan kuwa yana rage kwanciya a asibiti, wadda ita ce mafi tsada. Da wannan dabara adadinsu ya kai ɗaruruwa a ƙasar da ke da masu cutar fiye da 150,000. Ku dubi tadbirin da ke cikin wannan al'amari: dukiyar sadaka ba ta ɗauki nauyin da ya wajaba a kan hukuma har abada ba, ba ta kuma tsaya tana zargin hukuma ba, ta fara aikin ne da kuɗinta har hujja ta tsaya, sannan ta miƙa shi ga wanda ya wajaba a kansa, ta ɗauki kuɗinta ta tafi wani gari.

A 2006 ƙungiyar ta fara wata yekuwa a kan abu ɗaya tak, wanda mai jin sa daga nesa zai raina: a ba majinyaci maganinsa a kan lokacinsa idan an kwantar da shi a asibiti. Dalili kuwa shi ne ɗakunan jinya suna da sa'o'in rabon magani na kowa da kowa, mai wannan cuta kuma yana da nasa sa'o'in, idan aka tilasta masa bin na asibiti sai ya shigo da ƙafarsa a fitar da shi a keke. Bayan wannan akwai layin waya na kyauta, da ɗaruruwan rassa a garuruwa inda masu cutar da masu jinyarsu ke haɗuwa, da taskar ƙwaƙwalen waɗanda suka yi wasiyya a yi bincike da su bayan rasuwarsu, wadda ke Kwalejin Imperial a Landan (wannan na ƙarshe mas'ala ce mai hukuncinta daban a wurinmu, ba kuma yau ce ranarta ba). Kaso mai tsoka na kuɗin shigar ƙungiyar daga wasiyya yake fitowa, mutane na barin wani abu daga dukiyarsu, abin da bai kamata ya zama baƙo ga al'ummar da shari'arta ta ba mutum ikon yin wasiyya da sulusin abin da ya mallaka ba.

Hanyar Amurka

Amurkawa sun riga Turawan Ingila farawa, domin a 1957 aka kafa gidauniyoyi biyu, ɗaya a New York ɗaya a Miami, waɗanda suka haɗe a 2016. Amma sunaye biyu ne suka fito da cutar daga ɗaka zuwa fili. Na farko Muhammad Ali, wanda aka tabbatar masa da ita a 1984, wanda kuma duniya ta ga hannunsa na rawa sa'ad da ya kunna wutar wasannin Olamfik a Atlanta a 1996. Shekara guda bayan haka aka buɗe cibiyar jinya da sunansa a birnin Phoenix. Na biyu ɗan wasan kwaikwayo Michael J. Fox, wanda cutar ta kama yana da shekara 29, ya ɓoye ta shekara bakwai, sannan ya kafa gidauniya a 2000, wadda ta zuba fiye da dala biliyan 1 a bincike.

Wannan gidauniya ta ƙi ajiye dukiyar da za a riƙa cin ribarta, ta zaɓi ta kashe abin da ya shigo da gaggawa, bisa hujjar cewa burinta a sami waraka ta rufe ƙofarta. Mai saurare zai iya cewa wannan ya rushe da'awata ta fifita abu mai ɗorewa. Amsata ita ce maƙasudin ya bambanta: wanda ke neman ilmin da ba a gano ba tukuna yana da dalilin gaggawa, amma wanda ke ciyar da majinyaci magani ya ɗauki alkawarin da ba shi da ranar ƙarewa sai ranar da ajali ya zo. Kuma ba na raina bincike, domin amfaninsa ya iso har ƙasarmu. A 2023 wani babban nazarin ƙwayoyin gado, wanda kuɗin agaji suka ɗauki nauyinsa, wanda kuma likitocin Nijeriya ƙarƙashin jagorancin Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas suka tattara mafi yawan masu cutar da ke cikinsa, ya gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1 wanda ke ƙara hatsarin cutar ga mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne, alhali kusan ba a samun sa a jinin Turawa. Wannan ilmi ne mai daraja, amma amfaninsa ga jikoki ne. Dattijon da ke zaune a zaure yau, ƙwayar da zai sha da la'asar ita ce damuwarsa.

Halin da muke ciki

Idan muka juyo gida, sai mu tarar giɓin da Mali Jenkins ta gani a 1969 yana nan, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani wanda ita ba ta sha fama da shi ba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2017 ta nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi likitocin jijiya na manya ba su wuce 0.03 ga kowane mutum 100,000 ba, alhali a ƙasashe masu arziki sun kai 4.75. A arewacin Nijeriya ana samun su a manyan asibitocin koyarwa, irin na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, wanda ke ƙauye kuwa sai ya sayar da wani abu kafin ya kai kansa can. Wani bincike da aka yi a kantunan magani na sassan Nijeriya ya nuna cewa lebodofa ya fi samuwa a kantunan 'yan kasuwa fiye da na asibitocin gwamnati, tsadarsa kuma ta fi ƙarfin mai ƙaramin albashi, wannan kuwa tun kafin darajar naira ta faɗi a 2023, duk da cewa maganin yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Abin da yakan faru shi ne a koma ga wani tsohon magani mai arha, wanda aka fi sani a kasuwa da Exol, wanda ke rage karkarwa kaɗan amma yana rikita tunanin tsofaffi, yana ƙara musu taurin ciki da riƙewar fitsari. Ga shi kuma wasu matasa sun mayar da shi abin maye, har mai buƙatarsa ta gaskiya yana jin nauyin tambayarsa a kanti.

Kafin a kai ga kanti ma akwai dogon zango. Idan hannun dattijo ya fara rawa, sai a ce tsufa ne, wa ya isa ya yi wa tsufa magani. Idan mai shekara arba'in ne, sai a ce sammu ne, ko iska ta taɓa shi, ko kuma a yi raɗa cewa yana shaye-shaye a ɓoye, a yi ta yawo da shi shekara biyu ko uku, a ƙarar da abin da aka tara, a ɓata zumunci da zargin kishiya ko abokin kasuwa. Ba ina hana addu'a da ruƙiyya ta shari'a ba ne, Allah Ya kiyaye, amma malaman da muke alfahari da su ba su ɗauki neman magani kishiyar tawakkali ba, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya wallafa risaloli a kan ciwon ido da basir. Akwai kuma abin da ya kamata manomanmu su sani: bincike ya danganta yawan cuɗanya da wasu magungunan feshi, musamman maganin ciyawa na farakwat, da ƙaruwar hatsarin cutar, Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2007, Faransa kuma tun 2012 ta amince cewa wannan cuta tana cikin cututtukan da sana'ar noma ke jawowa. Wanda ya ga yadda yaranmu ke goya tankin feshi ba takalmi ba abin rufe hanci, ya san magana ba ta yi nisa da mu ba.

Ɓangaren da ba ya shiga ƙididdiga shi ne na mutunci. Mutumin da ya saba cin abinci da jama'a a ƙofar gida, yanzu loma na zuba kafin ta kai baki, yawu na zubo masa bai sani ba, ba ya iya ɗaure tazugensa, sai ya janye daga majalisa, ya daina zuwa ɗaurin aure, daga baya ya daina fita jam'i domin yana jin kunyar a jira shi ya tashi daga sujada. Nauyin duka ya koma kan mace ɗaya, ko matarsa ko 'yarsa ko surukarsa, wadda za ta juya shi cikin dare, ta yi masa wanka, ta bar sana'arta, ba kuma wanda ke zuwa gaishe ta domin ba ita ce marar lafiya ba. Sau da yawa ba wanda ya zauna da su ya gaya musu cewa shari'a ta sauƙaƙa masa, zai iya salla a zaune, a taimaka masa da alwala ko ya yi taimama idan sharuɗɗanta sun cika, kuma wanda likita ya tabbatar ba zai iya jinkirta magani daga alfijir zuwa magariba ba yana da ruhusa a kan azumi. Wannan aiki ne na limamin unguwa, bai kuma buƙatar ko kwabo. Haka nan motsa jiki, wanda likitoci suka haɗu a kan amfaninsa, bai buƙatar sai fili da abokan tafiya.

An fara yunƙuri. A 2020 wata 'yar Nijeriya, Omotola Thomas, wadda cutar ta kama tana da ƙuruciya, ta kafa ƙungiyar Parkinson's Africa, wadda ta ba da ƙarfi ga wayar da kai cikin harsunan Afirka, a Legas kuma akwai gidauniyar Adewunmi Desalu mai hidima ga masu cutar. Wasu likitocin Italiya tare da takwarorinsu na Gana sun yi nazarin 'ya'yan karara, wannan tsiro mai ƙaiƙayi da muka sani a daji, domin ƙwayarsa tana ɗauke da lebodofa na halitta, suka kuma gwada hanyar soya ta da niƙa ta don talakan da ba shi da kuɗin kanti. Abu ne mai sa rai, amma ƙarfin sinadarin yana bambanta daga iri zuwa iri, wasu kuma cikinsu ba ya ɗauka idan an daɗe, don haka ina tsoron ranar da masu tallar magani a mota za su ji labarin kafin likitoci su tsayar da ma'auninsa.

Zakka, hubusi da wasiyya

Musulmi ba su buƙatar aron asalin wannan tunani daga ko'ina. Asibitin da Nuruddin Zanki ya gina a Dimashƙa a 1154, da wanda Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, dukkansu da waƙafi suka rayu ɗaruruwan shekaru, kuɗin hayar kantuna da amfanin gonaki ke biyan likitoci da sayen magani, domin waɗanda suka kafa su sun fahimci bambancin shayar da matafiyi kofi ɗaya da haƙa masa rijiya a bakin hanya. A yau jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi, saboda haka mazubin yana nan; abin da ya rage shi ne a san abin da za a zuba a ciki, da inda za a kai shi.

Ra'ayina shi ne a raba aikin bisa ɗabi'ar kowace dukiya. Albashin ma'aikacin jinya, wanda za a horar na 'yan watanni ya riƙe rajistar masu cutar a ƙananan hukumomi biyu ko uku, yana amsa waya, yana tuntuɓar likitan jijiya a madadinsu, bai dace ya fito daga zakka ba a wurin jamhurun malamai, domin zakka haƙƙin mutanen da aka ambata ne, ana mallaka musu ita. Wannan gurbin hubusi ne, watau waƙafi, da wasiyya. Mazhabarmu ta Malikiyya kuwa ta yalwata a nan fiye da wasu, domin ta halatta hubusi na ƙayyadadden lokaci, ma'ana mai shago a kasuwa yana iya tsayar da hayarsa ta shekara biyu ko biyar ga wannan aiki, sannan shagon ya koma hannunsa, wanda ya yi kama da wa'adin da ƙungiyar Birtaniya ke ɗauka kafin ta miƙa wa hukuma. Na fifita hayar gini ko amfanin gona a kan tsabar kuɗi saboda dalili na zahiri: tun shirin Bamako na 1987 aka gwada asusun magani mai juyawa a ƙasashenmu, da yawa kuma suka ƙafe, domin hauhawar farashi da bashin da ba a biya ba sun cinye uwar kuɗin, alhali haya tana tashi tare da farashi ko da a makare. Sharaɗi na biyu, wanda zai yi wa masu tausayi ɗaci, shi ne kada a ɗauki majinyaci na hamsin sai an tabbatar da maganin na arba'in da tara har shekara mai zuwa. Gara a riƙe kaɗan ba yankewa da a fara wa jama'a da yawa a sake su a tsakiya. Sayen magani a dunƙule daga tushe ɗaya amintacce zai rage tsada, ya kuma kare su daga jabu.

Maganin faƙiri shi kansa kuwa yana iya fitowa daga zakka, amma a nan akwai ƙulli wanda ba ni da ikon kwance shi, shi ya sa na kawo shi gaban masu shi. Fuƙaha'unmu sun wajabta raba zakka da gaggawa a wurin da ta wajaba, sun kuma yi saɓani a kan ba da ƙima ko kaya a maimakon abin da ya wajaba. Idan aka danƙa wa majinyaci kuɗin maganin shekara a hannunsa, ga yunwa a gida ga kuɗin makaranta, kowa ya san ba za su kai wata uku ba, ba kuma za a zarge shi ba. Idan kuma hukuma ta riƙe kuɗin tana saya masa wata-wata, to an jinkirta zakka. Hanyar da na hango ita ce a mallaka masa rabonsa gaba ɗaya a ranar rabo, a rubuta da sunansa, sannan shi da yardarsa ya wakilta amintaccen mutum ko kwamitin masallaci su riƙe masa amana suna sayen maganin, yana da ikon janye wakilcin duk sa'ad da ya so, abin da ya rage kuma idan ya rasu ya shiga gadonsa. Ko wannan sura ta kuɓuta daga jinkirin da aka hana, da kuma wanda zai yi wakilcin a madadin majinyacin da cutar ta kai ga taɓa hankalinsa, su ne tambayoyi biyun da nake roƙon malamanmu na fiƙihu su duba a zaman tattaunawa.